Kafin Ka Sake Hawa Katakon Nan

Ɗana,

 

Mahaifiyarka ta kira ni a waya, muryarta ba daɗi. Ta ce wai tsohon ciwonka ya tashi: ka koma kallon samarin nan masu tsalle-tsalle a kan katako mai taya har kana raba dare, kuma ka aika Lome a sayo maka katakon. Ta ce in ja maka kunne tunda kana jin maganata. Na ce mata to, zan yi magana, amma ba lallai ne in faɗi abin da take so in faɗa ba. Ƙanwata ce, na san abin da ke ranta. Tana ganin magidanci mai 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, yana shirin karya ƙashi a kan abin da ko sunansa ba ta iya faɗa. Tsoronta yana kan hanya. Duk da haka ni ba zan ce ka bari ba.

Ban manta lokacin da kake karatu a Lome ba, yadda kake matse kuɗin abincinka kana kai wa masu gidan intanet, ka zauna jiran ɗan guntun bidiyo ya buɗe. Ga kuma wasan nan na PlayStation mai sunan Tony Hawk da ya fito a 1999, wanda ya sa yara a garuruwan da ba a taɓa ganin katakon ba suka haddace sunayen tsalle-tsallen. Daga baya aure ya zo, shago ya zo, ka ajiye. Yanzu waya ta kawo maka abin har cikin aljihu, sai ka ga ashe son bai mutu ba. Ban ga abin kunya a nan ba. Mutum ya sami abin da ke faranta masa rai wanda ba giya ba, ba caca ba, ba bin matan mutane ba, ai wannan ni'ima ce. Maganar shekaru kuma, da aka yi wasannin Olamfik na Faris a 2024, Andy Macdonald ya hau katako da sunan Birtaniya yana da shekara 51, Dallas Oberholzer na Afirka ta Kudu yana da 49, a gasar da wata yarinya 'yar ƙasar Sin mai shekara 11 ita ma ta shiga ɓangaren mata. Saboda haka in wani ya ce maka ka yi girma da abin, kana da amsa. Sai dai ka riƙe a ranka cewa waɗancan dattawan ba su taɓa sauka daga katakon ba tun suna yara. Kai ka sauka, ka daɗe a ƙasa.

Bidiyoyin da kake turo mini na zauna na kalle su, wasu har da maimaici, kuma gaskiya akwai abin kallo. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mafi sauƙi a cikinsu, wannan tsallen da kuke kira oli. Yaro yana tafe a kan katako, babu igiya, babu abin da ya ɗaure ƙafarsa. Sai ya danna wutsiyar katakon da ƙafar baya har ta bugi ƙasa, hancin ya ɗaga sama, nan take ya ja gefen ƙafar gaba a kan fuskar katakon mai kaushi zuwa hanci, katakon ya miƙe a iska ya bi shi, su tsallake abin da ke gabansu tare, su dira tare. Duk wannan bai kai daƙiƙa guda ba. Wani yaro ne a Florida, Alan Gelfand, ya fara yin sa a jikin bango mai gangara wajajen 1978, sannan Rodney Mullen ya sauko da shi dandariyar ƙasa a farkon shekarun 1980. Kusan duk abin da kake gani ana yi a titi yau daga nan ya tsiro.

Na kuma gane dalilin da ya sa bidiyo ya zama jinin wannan wasa. Ƙwallon ƙafa tana da koci, da alƙalin wasa, da ƙungiya kamar Semassi ɗinmu ta nan Sokode. Shi wannan ya tashi ne ba shi da ko ɗaya. Masu hawan igiyar ruwa a Kalifoniya suka fara shi a shekarun 1950, don ranar da teku ta kwanta su sami abin yi a tudu. Tayoyin farko na ƙarfe ne da na wani irin yumɓu, sai a farkon shekarun 1970 wani mai suna Frank Nasworthy ya kawo taya ta roba mai kama ƙasa. Da fari ya auka wa Kalifoniya a 1976 da 1977, aka bar kwamin wankan gidajen masu hali ba ruwa, yara suka rinƙa shiga suna hawan bangonsu. A 1981 aka fara buga mujallar Thrasher a San Francisco, a 1984 kuma Stacy Peralta ya fitar da kaset ɗin bidiyo na yaran da yake ɗaukar nauyi, waɗanda Tony Hawk yake cikinsu. Tun daga nan kaset ya zama makarantarsu. Yaro ya kalla, ya mayar baya, ya sake kalla, ya fita ya gwada. Kai ma ta nan ka shigo, kuma yaran unguwarku ta nan za su shigo, ta wayarka.

To a nan ne maganata take. Wannan makaranta tana koyar da rabin karatu ne, ta ɓoye rabi.

Ɗan guntun da ake nuna wa kowane gwani a irin waɗannan finafinai bai cika wuce minti uku ko huɗu ba, amma sau da yawa sai an shafe shekara ko fiye ana ɗaukarsa. Tsalle ɗaya da ka gani ya wuce cikin ƙiftawar ido, ta yiwu yaron ya yini yana faɗuwa a kansa, ya koma gida da kumburin idon sawu, ya dawo bayan sati. Mai tace hoto ya yanke duk wannan ya zubar, ya bar maka dirar da ta yi kyau, ya ɗora mata kiɗa. Ko kyamarar ma tana da nata wayo: akwai wani gilashi mai kumbura hoto da suke sa mata, mai ɗauka ya durƙusa ya kusan taɓa ƙasa, sai matakala ta ƙara tsawo, gudun ya ƙara tsanani. Abin ya yi mini kama da tulin doyar da ake jerawa a bakin titinku: matafiyi daga tagar mota doya yake gani, ba ya ganin bayan da ya sunkuya yana tada tudu tun kafin ruwa ya sauka. Ba na cewa ƙarya suke yi. Dirar gaskiya ce. Amma wanda bai san abin da aka yanke ba zai ɗauka haka ake yi, ya fita da safe ya nemi ya yi a yini ɗaya.

Shi ya sa a duk abin da ka turo mini, na fi ganin darajar na ranar 27 ga Yuni, 1999, a San Francisco, ranar da Tony Hawk ya yi juyi biyu da rabi a iska ya dira a kan katakonsa, abin da ba a taɓa ganin wani ya yi a gasa ba. Ranar babu mai yankewa. Duniya ta ga mutum mai shekara 31 yana faɗuwa, yana tashi, yana sake hawa, har lokacin da aka ɗiba masa ya ƙare, abokan takararsa suka bar takara suka koma buga katakonsu a ƙasa suna ƙarfafa shi. In za ka nuna wa yaran garinku Langabu bidiyo, fara da wannan, kuma kada ka tsallake zuwa ƙarshensa.

Abu na biyu da bidiyo ba ya gaya maka shi ne ƙasar da ake wasan a kanta. Ka dubi daɓen da suke gudu a kai a Los Angeles ko Basalona, sumul, an share, ko tsinke babu. Yanzu ka ɗauki tayar katakon da za a kawo maka ka duba. Faɗinta bai wuce milimita 52 zuwa 54 ba, kuma da tauri aka yi ta don ta yi gudu a kan siminti mai santsi. Irin wannan taya, tsakuwa ɗaya mai girman ƙwayar masara ta ishe ta. Tana taka ta sai ta ƙame wuri guda, katako ya tsaya cak, amma mutumin da ke kai bai tsaya ba. Jikinsa ya wuce gaba, hannu ya miƙe da kansa don ya tare ƙasa, nauyin jiki duka ya sauka a wuyan hannu. Yawancin karayar masu koyo haka take zuwa, ba a wani babban tsalle ba, a tafiya ce kawai. Mu kuwa ƙasarmu jar ƙasa ce da tsakuwa da rairayi, da damina ruwa ya kwaso su ya baza, da hunturu iska ta ƙara.

Na san inda idonka zai kai, domin in aka ce kwalta mai kyau a Langabu, babban titi ake nufi. A nan ba nasiha nake maka ba, hani nake yi, kuma ina da wannan haƙƙin a kanka. Titin nan shi ne hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Lome ta bi Atakpame, ta ratsa ku, ta zo mana Sokode, ta wuce Kara da Mango da Dapaong har Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso. Kayan Wagadugu da na Yamai da na Bamako a kanta suke bi. Tirela mai ɗauke da siminti ko kwantena ba ta tsayawa don direba ya so ta tsaya, sai ta ci dogon zango tana jan ƙafa. Direban ma wataƙila tun jiya bai runtsa ba. Katakonka kuma ba shi da birki, kuma in ka faɗi, shi ba ya faɗuwa tare da kai, sai ya harba gaba shi kaɗai ya shiga ƙarƙashin babur ɗin ɗan zemijan da ya ɗauko mace da goyo. Ka ga laifin ya tashi daga kanka ya hau kan wanda bai ji ba bai gani ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ce. To ina ga wanda ya kai mata abin cutarwar da hannunsa?

Ka ga samarin nan masu takalmi mai taya a Lome da Kwatano da Kano, waɗanda ke kama bayan mota tana jan su. Duk wanda ya gan su yana riƙe numfashi. Idan yaran garinku suka gan ka a kan kwalta sau ɗaya tak, ko da asuba ce titi ba kowa, ka ba su lasisi. Kai za ka duba hagu da dama, ɗan shekara tara ba zai duba ba. Ranar da aka ɗauko ɗan wani daga ƙarƙashin mota, ba za a ce wasan Amurka ne ya kashe shi ba, sunanka za a kira, kuma da gaskiyar mutane.

Sai jikinka. Ƙashin ɗan shekara goma sha biyar yana haɗewa da wuri, naka sai ya yi shawara. Tony Hawk da kansa, wanda babu wanda ya fi shi sanin yadda ake faɗuwa, ya karya ƙashin cinya a 2022 yana da shekara 53, kuma yana da likitocin da ni da kai ba mu da su. Kai in ka karye, wa zai buɗe shago? Wa zai kai yara makaranta? Jikin magidanci ba nasa ne shi kaɗai ba, amana ce da mutane da yawa suke ci daga gare ta. Saboda haka ka sa hular kwano, ka nemi abin ɗaure wuyan hannu da na gwiwa tun kafin katakon ya iso, ba a fafe gora ranar tafiya. Na lura a bidiyoyin titi ba sa sa hula, wai rage daraja ce. A Olamfik kuwa, duk wanda zai shiga gasar kwami dole ya sa, a gasar titi ma duk wanda bai kai shekara 18 ba dole ne. Ka ɗauki watanni kana turawa da tsayawa da juyawa kawai, har ƙafarka ta tuna abin da ta manta. Matakala da ƙarfen dogarawa ka bar wa masu su. Kuma in tsautsayi ya gitta, kai ya bugu ko gaɓa ta kumbura, a fara zuwa asibiti a ɗauki hoto kafin a nemi maɗori.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa ban goyi bayan mahaifiyarka gaba ɗaya ba. A cikin al'adar mutanen nan akwai wani hali da ya burge ni ƙwarai, kuma shi nake so ka ɗauko: ba sa jiran a gina musu. A 1990 wasu samari a Portland ta Amurka suka sami wani wuri da aka yasar a ƙarƙashin gadar Burnside, suka rinƙa kwaɓa siminti da hannunsu suna gina gangara, har daga baya hukumar birnin ta amince da wurin, yana nan har yau. Kada ka ce ai can Amurka ce. A Kampala ta Yuganda, a unguwar talakawa ta Kitintale, wani matashi Jackson Mubiru da abokinsa ɗan Afirka ta Kudu sun gina nasu da bulo da siminti wajajen 2006, yaran unguwa suna ɗebo musu ruwa da yashi. A Adis Ababa matasa sun haɗa ƙungiya a 2013, suka samu filinsu a 2016. Maƙwabtanmu na Gana sun buɗe filin Freedom a Akra a watan Disamba na 2021, da ƙoƙarin ƙungiyar Surf Ghana ta Sandy Alibo da tallafin Virgil Abloh, ɗan asalin Gana mai zanen tufafi, wanda ya rasu ana saura kaɗan a buɗe. Duk waɗannan mutum ɗaya ko biyu ne suka fara, waɗanda son abin ya hana su zama.

Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya kamu da son wannan wasa, abin da zai iya shi ne ya hau. Kai da ka dawo masa da gemu, kana da abin da yaron ba shi da shi: mai gari ya san ka, limami ya san ka, kana iya shiga ofishin magajin gari a ba ka kujera, kana da ɗan abin hannu, kuma in ka yi magana iyaye za su saurara. In ka dawo don ka zama yaron da ka bari a Lome, za ka sha wahala, kuma ba za ka same shi ba. Amma garinku ba shi da wanda zai tsaya wa yara a kan wannan, sai kai.

Ba wani babban fili ake bukata ba. Daɓe mai faɗin tsakar gida babba ya isa a fara, nesa da titi, nesa da masallaci da gidan mara lafiya, domin ƙarar katako a kan siminti tana da hawa kai. Amma kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, ka gama maganar fili, kuma a rubuce. Filin Akra da na ambata, duk da sunayen manya da ke bayansa, rikicin mallakar ƙasa ya taso masa a 2023 ya tsayar da wasa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ka san yadda maganar ƙasa take a wajenmu: wanda ya ba ka da baki yau, gobe ɗan'uwansa zai zo ya ce gadon kakansu ne. A zauna da masu ƙasa, da mai gari, da shaidu, a sa hannu.

Magini kuma ka tsaya a kansa, don ya saba da daɓen da ake shimfiɗa tabarma a kai, ba wanda ƙaramar taya za ta bi ba. A daddage ƙasa sosai kafin a zuba, a ba daɓen ɗan karkata kaɗan yadda ruwan sama ba zai kwanta ba, a goge fuskarsa da cokalin ƙarfe tun yana da ɗanye har ya yi sheƙi, sannan a yi ta ba shi ruwa safe da yamma na kwanaki, a rufe shi da buhuna, in ba haka ba ranarmu za ta fasa shi. Kafinta zai iya haɗa muku ɗan akwati mai tsawo wanda bai kai gwiwa ba, mai walda ya sa masa ƙarfe a gefe. Sai tsintsiya. Doka ta farko a filin ita ce wanda ya fara zuwa ya share.

Kayan wasan ma ka buɗe ido. Katakon ƙwarai falle bakwai ne na wani icen ƙasashen sanyi da aka manne aka danne, shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo bai karye ba. Akwai na wasan yara da ake sayarwa a kantuna mai ƙafafun roba, wannan asarar kuɗi ce kuma hanyar asibiti. Tunda ƙasarmu ba ta da santsi, ka sa a haɗo maka da taya mai ɗan girma da laushi, ta fi haƙuri da tsakuwa. Kowace taya tana da boris biyu a ciki, takwas ke nan, kuma ƙurar hunturu ita ce ajalinsu. Ka koya wa yara cire su, su wanke, su ɗiga musu mai kaɗan. Takalmi kuwa fuskar katakon cinye shi take yi, saboda haka na gwanjo daga kasuwar Hejiranawe ta Lome ya wadatar. Rigunan da ke ɗauke da sunayen kamfanoni ba su ƙara wa kowa iya tsalle. Duk wannan kuma daga rarar kuɗi zai fito, bayan cefane da kuɗin makaranta da haƙƙin mahaifiyarka. Ranar da mai ɗakinka ta nemi kuɗin magani ka ce babu alhali ga sabbin tayoyi a ɗaki, ranar ka ba masu zaginka gaskiya. Kuɗin data ma kuɗi ne, kuma daren da ka raba kana kallo, sallar asuba ce take biyan bashinsa.

Za ka sami dattawan da za su ce wannan baƙon abu ne, wasan banza ne na Turawa. Kada ka yi musu gardama, ka gayyace su su zo su gani. In sun zauna, ka tuna musu cewa katako mai taya ba baƙo ba ne a wajen Bahaushe. Wani Bakano da shan inna ta taɓa, Misbahu Lawan Didi, shi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu ana zaune a kan ɗan katako mai taya, yau ana gasarta a jihohin Najeriya, kuma irinta ake yi a Akra. Waɗannan bayin Allah sun san boris da daɓe fiye da kai. In akwai irinsu a Langabu ko Blitta, daɓen nan nasu ne su ma, ka ware musu rana. Mu nan Sokode kuma, wa ya taɓa ce wa mahayan dawakinmu wasan banza suke yi, ranar bikin Adosa, in suka saki linzami suna nuna gwaninta? Mun daɗe da sanin darajar mutum ya ƙware a kan abu mai wuya don kawai ya ƙware.

Sai dai ba duk abin da ke cikin bidiyoyin nan ne abin ɗauka ba, kai ma ka sani. Akwai shaye-shaye, akwai ashar, akwai raina masu gadi, akwai lalata matakala da bencin mutane a yi dariya a gudu. Can suna kiran wannan 'yanci. A nan sunansa rashin tarbiyya, kuma ba za a yafe wa yaranka shi don wai haka ake yi a Amurka ba. Duk bidiyon da za ka nuna musu ka fara kallonsa kai kaɗai, in kiɗan ko maganar ba su dace ba ka kashe sauti ko ka bar shi. Barandar masallaci, da ta makaranta, da ta asibiti, ba wurin wasa ba ne komai santsinsu. In an kira salla a jingine katako. Yaron da ya gudu daga makarantar allo ko ta boko don ya zo filin, a kore shi ranar, gobe ya dawo. Abin da na ga ya dace da mu a halinsu shi ne yadda in ƙaramin cikinsu ya yi nasarar abin da ya daɗe yana nema, ko da ɗan ƙaramin abu ne, manyan gwanaye sukan tsaya su yi masa murna. Wannan ka dasa shi da ƙarfi.

'Yan mata ƙanana za su zo su tsaya daga gefe suna kallo, ciki har da taka. Kada ka kore su. A Kabul ta Afganistan, ƙungiyar Skateistan da aka fara a 2007 ta tara 'yan mata masu yawa da ɗankwalinsu da suturarsu. A Olamfik na Tokiyo da aka yi a 2021, karon farko da aka sa wannan wasa, wadda ta ci zinare a gasar titi ta mata, Momiji Nishiya ta Japan, shekararta 13, ta biyunta Rayssa Leal ta Barazil ita ma 13. Ka nemi yardar iyayensu, ka ware musu lokacinsu, wata babbar mace ta zauna a wurin.

Na ji kuma kana da burin ɗaukar naku bidiyon, ku taso daga Langabu ku zo nan Sokode ku wuce har Dapaong kuna neman wuraren hawa. Nan gidanka ne, ƙofa a buɗe take. Amma kada ka ɗauki fuskar kowa ba da izininsa ba, balle 'ya'yan mutane ka watsa su a intanet iyayensu ba su sani ba. Dapaong kuma ka san halin da ake ciki: tun watan Yunin 2022 aka sa yankin Savanes cikin dokar ta-ɓaci saboda matsalar tsaro. Baƙo da kyamara a hannu kusa da gada ko shingen jami'an tsaro ko ginin gwamnati yana neman wa kansa doguwar tambaya. In za ku je, ku sami ɗan gari ya shige muku gaba, ku gabatar da kanku ga hukuma tun kafin ku fito da waya. In ka zo haɗa bidiyon, ka bar faɗuwar a ciki, da sharar daɓen, da ɗinkin takalmi, don yaron da zai kalla a Mango ko Bafilo ya ga abin yadda yake.

Mahaifiyarka ka je da kanka ka same ta, kada ka bar ni in zama ɗan aike tsakaninku. Ka nuna mata hular kwanon, ka yi mata alkawarin titi a gaban mai ɗakinka, ka kuma cika. Maganar fili in ta kankama ka sanar da ni, zan sauko mu je gaban mai gari tare, kuma buhunan siminti na farko ni zan saya.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya tsare, Ya yi albarka.

Kawunka, daga Sokode.